Likkafanin Hajiya Ladi da Shekarar da Aka Kori Masu Igiya

Makon jiya na raka surukina filin jirgi, zai tafi Duwala ganin likita, sai na tsaya a gefen injin nan naku mai naɗe akwati da leda. Ɗaya daga cikinku ya gane ni. Ya zunguri abokinsa ya ce, "Ka ga Baba Sale mai igiya. Aikin da suke wuni a kai, mu kafin a gama gaisuwa mun sallami mutum." Abokin ya ce, "To wai mene ne a ɗaurin kaya? Ko akuya ka bari da igiya ai za ta naɗe kanta." Suka kwashe da dariya. Ni ma na murmusa, don a gaban suruki ba a ɗaga murya. Amma da na koma gida tuwo ya ƙi wucewa. Matata ta dube ni ta ce, "Malam, in faɗa za ka yi, koma can ka yi da su, ka daina harare min miya."

Ban koma ba. Ƙafata ba ta son yawo, tun ina saurayi haka nake, daga gida sai wurin aiki sai masallaci. Amma maganar akuya ba zan haɗiye ta ba. Ku zauna ku ji.

Kwandon busasshen kifi ne kaya na farko da na sa wa hannu, kuma ba ɗaure shi aka ce in yi ba, kwance shi aka ce in yi. Maigidana Baffa Garba jikan masu huhun goro ne. Ya yi ƙuruciyarsa a bakin kogin Binuwai, lokacin da jiragen ruwa ke hawowa da damina su kwashi auduga da gyaɗa. Da jiragen ruwa suka ɗauke ƙafa sai ya naɗe igiyarsa ya hau filin jirgin sama, wanda a lokacin ɗan gini ne da inuwar darbejiya. Shi zai ɗaure kaya tamau, ya ture min da ƙafa, ya ce, "Kwance." In na kai hannu aljihu neman wuƙa sai in ji bakin igiya a bayan hannuna. Rani ya wuce, damina ta wuce, ban ɗaura ko ƙunshin daddawa ba. Na kai ƙara wurin mahaifina, na ce mutumin nan ba koya min yake ba, wahalar da ni yake. Mahaifina ya ce in koma kafin ya tashi daga inda yake zaune.

Sai daga baya Baffa ya faɗa min dalili. Ya ce duk kayan da ka ɗaura wani zai buɗe shi, ko ma'aikacin duwan, wato kwastan, a nan, ko matar gida can inda za shi. In ka yi ɗaurin kawo-wuƙa, ka kashe wa mutum igiya, ka kuma bar shi tsugune a gaban duwan da kaya a warwatse, ana kiran jirginsa. Don haka ɗaurinmu dole ya jure a wurgo shi daga amalanke, a danne shi da akwatin ƙarfe, amma yana da wutsiya guda da ake cusawa a ƙarƙashi, wadda in ka ja ta gaba ɗayansa zai saki. Mai kaya kaɗai ake nuna wa inda take. Ledarku fa? In duwan ya ce a buɗe, reza ce, a yage, a zubar, mutum ya sake biya.

Kayan aikinmu ba su cika jakar fata ba: igiyar rama, basilla, zare mai kauri, guntayen buhu, takardar siminti, da wuƙar da abin kunya ne a gan ka da ita a hannu in ba sabuwar igiya kake yanka ba. Igiyar rama sai an jiƙa ta kafin a ɗaura, don tana bushewa tana ƙara kamawa. Ta roba kuwa kyan gani ne kawai, santsi gare ta, kafin kaya ya kai Yawunde ta saki jiki. Kilishi ba ya son leda, gumi yake yi ya yi fumfuna. Takardar siminti ake kakkaɓewa a naɗe shi a ciki, ya sha iska. Goro sai da ganyensa da ɗan danshi. Zuma da man shanu ba a cika su har baki, don can sama kwalba takan kumbura ta tofar da abin da ke cikinta. Wannan ba a littafi muka gani ba. Wata Bafulatana ce ta kai wa ɗanta man shanu a cike fal, ya fashe a kan kwat ɗin wani babban ma'aikaci, aka dawo aka zazzage mana zagi da Faransanci tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin bishiya. Daga ranar Baffa ya ce kowace kwalba a rage mata yatsa biyu, mai ita ya shanye ko ya lashe a gabanmu.

Kan ɓauna na taɓa ɗaurawa, da ƙahonsa, na wani Bature maharbi da ya fito daga dajin Faro. Wannan bayan an buɗe babban filin ne, wanda kuke tsaye a cikinsa yanzu kuna taunar cingam. Ba ku ga Garwa a lokacin ba. Jirgi mai hawa biyu yakan sauka a nan daga ƙasar Turawa, mata su fito daga unguwanni da goyo don su gan shi, tagogin gidaje na rawa. Maharba, ma'aikatan auduga, manyan sojoji, 'yan kasuwa masu kai nama kudu, ɗalibai da za su karatu, kowa ta hannunmu yake bi. Ƙahon ɓaunan nan sai da na naɗe kowane tsini da tsumma, na ɗinke shi cikin buhu biyu, don in ya huda akwatin wani ni za a nema. Baturen ya zagaya shi, ya ɗaga, ya girgiza, ya ce min "useko", wato na gode, kalmar Fulatanci guda da ya koya a daji. Daga baya manyan jiragen suka yi ta raguwa, har aka zo lokacin da za ka wuni ba abin da ya sauka sai shaho.

Abin da ya riƙe filin nan, ya kuma riƙe mu, alhazai ne. In lokacin tafiya Makka ya yi, duk arewa nan take juyewa: Marwa, Yagwa, Rai Buba, Gaundare, da ƙauyukan kan dutse da ban san sunansu ba. Mutum guda zai tafi, mota guda ta rako shi. Ƙarƙashin kowace bishiya tabarma ce da buta, masu fura na zagayawa, Fulatanci ta nan, Hausa ta can, Larabcin Shuwa daga gefe. Yawancinsu tsofaffi ne, sun sayar da shanu ko sun tara shekara da shekaru, kuma ba su karanta boko. Takardar da ake maƙala wa jaka da Faransanci take. Ko da an karanta musu ma, ka tsaya a zaure ka kira "Alhaji Hamadu Buba", ka ga yadda rabin mutane za su waiwayo.

To a nan aikinmu na gaske yake, wanda ba ku taɓa ji ba. Sunansa shaida. Za mu ce wa matar alhaji, ko 'yarsa, ko uwarsa, ta yago bakin zanenta, mu ɗinke shi da basilla a hannun jaka da kuma gefenta. Ba ɗaurawa ba, ɗinkewa. Kuma mu masu igiya a wuri guda muke zama, duk ƙyallen da aka kawo sai an ɗaga an nuna wa saura. In irinsa ya riga ya wuce, sai a ƙara masa jan zare, ko guntun fata, ko wuri, ko a ce wa matar ta kawo ɗankwali. Ba ma barin shaida biyu su yi kama. Bayan an ɗinka, sai mu ce wa tsoho ya rufe ido ya shafa da hannu har ya gane ta, don a can Jidda cikin turmutsitsi ido ba ya aiki. In sun dawo kuma muna tsaye inda kaya ke fitowa, muna kira, "Mai shuɗi da wuri biyu, na Rai Buba!" Mu ware wa kowa nasa, mu sake ɗaure shi don hanyar mota. Wannan ne kuke ce wa aikin akuya.

Mutane suna zaton shekarar da ta fi mana muni ita ce ta cutar nan da aka rufe hanyar Makka, filin ya zama fayau. Ta yi muni, ba na musu. Tabarmi na koma ɗinka wa baki a ƙofar gida. Amma wannan daga Allah ne, kowa ya sha. Wadda ba na mantawa ta riga ta, kuma hannun mutum ne ya yi ta.

Lokacin tashin hankalin bakin iyaka ne, mutanen Kolofata da kewaye na gudowa, aka tsananta tsaro a ko'ina. Ban ga laifin tsaro ba, ni ma ina da dangi a can. A caje ni, a caje jakata, a ƙwace wuƙar ma in ana so. Amma sai wani ɗan kwangila, ba zan ba shi suna ba, ya fake da wannan ya karɓi aikin kayan alhazai gaba ɗaya. Ya kawo jakunkuna iri guda, launi guda, girma guda, ya ce kowa a cikinsu zai zuba kayansa. Mu kuma aka ce mu tsaya bayan shingen waya. Na same shi yana shiga mota, na ce, "Patron, a bar mu ko a bakin ƙofa ne mu ɗinka shaida."

Ya ce, "Baba, zamani ya wuce ku. Kowace jaka da lambarta."

Na ce, "Lambar wa zai karanta?"

Ya ce, "Wannan ba matsalarka ba ce." Ya ɗaga gilashi.

Cikin maniyyatan shekarar akwai maƙwabciyata, Inna Ladi. Tsohuwa ce ƙarama, mai kaifin baki, mijinta ya daɗe da rasuwa. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi rayuwarta, da su ta tara na Makka, ɗanta Isiyaku mahauci ya cika mata. Kilishin Isiyaku ni nake ɗaure masa tun yana sabon shiga. Tun kafin tafiya duk unguwa ta san abin da zai kai Inna Ladi bayan aikin hajji. Ta sayi farin alawayyo a kasuwa, ta ce za ta wanke shi da zamzam da hannunta, ta shanya shi a ranar Makka, ta dawo da shi ta ajiye, ranar da ta mutu a sa ta a ciki. In ka gaishe ta sai ta sako maganar. Ni na ɗinka mata shaida a tsohuwar jakarta tun a gida, da bakin zanen aurenta.

Ranar tafiya ina bayan waya ina kallo. A bakin ƙofa aka sa kowa ya juye kayansa cikin sabuwar jaka, tsofaffin aka wurgo wa 'yan rakiya. Na ga jakar Inna Ladi da ɗinkina a jiki ta faɗo a ƙasa ba komai a ciki. Mata suka ga jakunkuna sun zama iri guda, sai suka tuna al'ada. Kowace ta kama bakin zanenta ta yaga, ta miƙa ta ƙofa a ɗaura wa nata. Da ba wani abu ba ne. Amma a shekarar wata atamfa ta cika kasuwa, kore ce mai hoton wata da tauraro, ga araha, ga ta dace da rakiyar alhazai. Daga Garwa har Yagwa har Rai Buba, kowane gida ita ya yi anko da ita, ba wanda ya san na wani. Na duba sai na ga fili kore shar, kowace mace na yagar zane iri guda.

Na kama waya ina ihu, "Kada ku yagi iri ɗaya! Ku sa ɗankwali! Ku sa wani abu daban!" Na faɗa da Hausa, na faɗa da Fulatanci. Ina! Ga guɗa, ga kuka, ga lasifika. Wani mai gadi ya ce in saki waya ko ya sauke min hannu. Haka suka shige, kowa da koren ƙyalle a hannun jakarsa, kowa hankalinsa kwance ya yi shaida.

Da suka dawo, tsakar rana ce, irin zafin Garwa da kwalta ke kama takalmi. Mutane sun gaji, rabinsu na tari. An zube jakunkuna a ƙasa, takardun lamba wasu sun yage wasu sun goge. Duk wanda ya hango koren ƙyalle sai ya ce alhamdu lillahi ga tawa, 'ya'yansa su sungume su yi mota. Muna bayan waya muna gani, ba halin magana. Makonni aka yi ana musayar jaka a masallatai da tashoshin mota. Da yawa sun sami nasu.

Hajiya Ladi, don yanzu ta zama Hajiya, ba ta buɗe tata ba sai da 'yan barka suka lafa. Ina zaune a ƙofar gida sai ga Isiyaku daga mahauta, ko hannu bai wanke ba. Ya ce, "Baba Sale, taso. Inna ta daina cin abinci."

Na same ta zaune a tsakar ɗaki, jaka a buɗe a gabanta. Jallabiyoyin maza, huluna, da wasu takalma da ƙafafunta biyu za su shiga ɗaya. Na ce, "Inna, sannu. Wannan kuma wane miji kika samo mana a Makka?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Sale, ba zobe nake nema ba, ba dabino ba, ba mayafi ba. Duk wanda ya ɗauka ya riƙe. Farin ƙyallena nake so."

Isiyaku ya ce, "Inna, na ce miki a sayo wani a yayyafa masa zamzam."

Ta ce, "Wane zamzam? Wanda abokanka suka shanye har suna kaɗa jarka? Kuma ko da akwai, ni na tsuguna na wanke shi a can, ranar can ce ta busar da shi. Kana ganin zan sake komawa ne? Dube ni da kyau."

Isiyaku ya riga ya je wurin ɗan kwangilar. An ce masa kowa ya fita da jakarsa, aiki ya ƙare. Da ya kira shi daga baya, wayar a kashe.

Na jawo jakar na duba hannunta. Koren ƙyallen ne, amma ƙullin da aka yi masa ba na matan gari ba ne, irin wanda masu gyaran komar kamun kifi ke yi ne, Baffa ya taɓa nuna min a bakin kogi. Can ƙasan jakar kuma ga gwangwani da ɓurɓushin kifi mai hayaƙi, ragowar guzuri. Na ce gidan masunta ne. Muka je tasha wurin masu lodi, waɗanda yawancinsu mun san juna, na tambaya ko sun ɗora wani alhaji mai manyan ƙafafu da 'yan rakiyarsa ke warin kifi. Wani ya ce, "Dogon nan mai tari? Ai ɗaga shi muka yi muka sa a motar Yagwa."

Ni da ban taɓa wuce kasuwar Pitowa ba, sai ga ni a motar Yagwa da jakar wani a kan cinya. Isiyaku ya ce in bai tafi da babba ba zai yi abin da za a kulle shi, kuma na san gaskiya ya faɗa. Muka isa, ga gonakin shinkafa iya ganinka, ga kogi. Muka shiga kasuwar kifi na ce ina neman gidan dogon alhajin da ya dawo bana ba lafiya. Mai kifin ya ajiye wuƙarsa ya ce, "Alhaji Musa? Allah ya jiƙansa. Ku bi layin nan, za ku ga tabarmi a waje."

Isiyaku ya dube ni. Na ce, "Ta'aziyya tukuna. Kada ka buɗe baki sai na buɗe."

Hausawa ne, kakanninsu masunta da suka biyo ruwa suka zauna. Ƙanin mamacin, Malam Adamu, ya karɓe mu, aka yi addu'a, aka kawo ruwa. Sannan na ce muna da magana a keɓe. Muka shiga zaure na buɗe jakar. Yana ganin takalman ya ce, "Na Yaya ne." Ya ɗauki ɗaya ya riƙe. Can ya ɗago ya ce, "To wadda ya zo da ita fa?"

Na ce, "Ta mahaifiyar wannan ce."

Ya sake duban jakar. Sannan ya ce, "Ya iso ba ya iya magana sosai. Bai buɗe ta ba. Ranar da ya cika muka buɗe, muka ga mayafai da zobba da 'yan kunne, muka ce tsarabar iyali ce. A ƙasa kuma muka ga farin yadi a ninke, yana ƙamshin miski, da alamar an wanke shi. Liman ya ce Allahu akbar, bawan Allah ya san tafiyarsa ta zo, ya shirya. Duk garin nan an ji labari."

Isiyaku ya miƙe tsaye. "Kun binne shi da kayan uwata?"

Na ja rigarsa. Ya fizge. "Shekara nawa tana gaban kasko! Ba ku ga kayan mata ba ne? Ba ku da ido?"

Malam Adamu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, me kake so mu yi? Mu tona?"

Isiyaku ya koma ya zauna.

Ashe matar mamacin tana bayan zana tana ji, tana cikin takaba. Sai muka ji muryarta a hankali, ta ce, "Malam Adamu, ashe mayafin nan ba ni ya saya wa ba?" Malam Adamu ya ajiye takalmin. Muka ji tafiyarta ta yi ciki. Aka aika gida-gida, aka yi ta dawo da zobba da carbi da kwalli da aka raba wa dangi, wasu an cire su daga yatsun yara suna kuka. Dabino an cinye. Na ce a bar wa yaran, ai Hajiya Ladi ta riga ta ce ba ta so, amma matar ta ce a'a, ba nasu ba ne. Daga ƙarshe hannunta ya fito ta gefen zana da ɗan farin ƙyalle a ninke. Ta ce, "Wannan ne ya ragu da aka yanka. Na ɓoye ne don kaina, a zatona daga hannunsa ya fito. Ku kai mata. Ku ce ta yi haƙuri."

Mata biyu ke nan, ɗaya a Garwa ɗaya a Yagwa, ba su taɓa ganin juna ba, an ƙwace wa kowace abin da take riƙe da shi. Shi kuwa wanda ya jawo yana can cikin motarsa mai sanyi. Ba wanda ya tare shi, ba wanda ya tambaye shi. Shekara ta zagayo ya ɓace, wani ya karɓa, aka ɗan bar mu muka matso bakin ƙofa, amma sana'ar ta riga ta karye, 'yan'uwana sun watse, wani ya koma gadi wani ya koma ƙauye. Ban ce ku fasa injinku ba, ku ci abincinku. Amma na tsaya na kalle ku, jaka bayan jaka kuna naɗewa, duk sun fito fari fat kamar ƙwai, ban ji ɗayanku ya tambayi mai ita me ke ciki ko yadda zai gane ta ba.

A mota Isiyaku ya ce, "Baba Sale, mu tsaya kasuwa in sayi alawayyo, in shafa masa miski, mu ce an samu."

Na ce, "Matar da ke gane ruɓaɓɓiyar gyaɗa a cikin buhu tun ba a kwance ba, ita za ka ruɗa? In za ka yi, sauke ni tukuna."

Bai saya ba. Muka same ta inda muka bar ta. Na zauna a bakin ƙofa na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta ture mayafai da zobban gefe ko kallo ba ta yi musu ba, ta karɓi ƙyallen ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Wane ne shi?"

Na ce, "Mai kifi ne, Inna. An ce mutumin kirki ne."

Ta warware ƙyallen ta gwada a hannunta. Daga yatsu ya ɗan wuce gwiwar hannu. Ta ce, "Dogo ne?"

Na ce, "An ce dogo ne."

Ta ce, "Na ga alama."

Isiyaku ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yafe masa. Bai sani ba."

Ta ce, "Shi me ya yi min? Yana kwance aka naɗe shi. Allah ya sa ya yi masa amfani, matarsa kuma ku aika mata da mayafin, ta riga ta sa rai. Amma wanda ya raba ni da jakata a bakin ƙofa, kada wanda ya roƙe ni. Shi zan jira a can." Ta ninke ƙyallen ta cusa a ƙarƙashin matashi, ta ce a kawo mata kunu.

Ba ta sake ganin Makka ba. Ta rasu bayan shekarar cutar, da rani. Alawayyon kasuwa Isiyaku ya sayo, irin na kowa. Matata na cikin waɗanda suka yi mata sutura, ita ta ɗaga matashin ta ciro ƙyallen. Ta ce ya rufe kai da fuska, ya tsaya a wuya.